Haraji Bashi Ne a Wuyan Mai Karɓa

Tun da aka sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, maganar ta ƙi mutuwa a majalisun magidanta da bakin masallatai. Idan ka kasa kunne za ka ji mutane sun rabu gida biyu. Wasu na cewa duk abin da hukuma ta karɓa a hannun Musulmi bayan zakka haramun ne, ƙwace ne da aka sa wa riga. Wasu kuma, galibi 'yan boko, na cewa ƙasa ba ta ginuwa sai da haraji, don haka ɗan ƙasa nagari shi ne mai biya ba tare da ƙunƙuni ba. Duka ɓangarorin sun tsallake tambayar da ta kamata a fara da ita: me ya bai wa hukuma damar sa hannu a gumin mutum, kuma a ina damar ta tsaya? Abin da nake gani shi ne haraji halal ne idan ya cika sharuɗɗansa, amma haƙƙin hukuma a dukiyar magidanci yana zuwa ne bayan haƙƙin iyalinsa, kuma duk kwabon da aka karɓa ya zama bashi a wuyan wanda ya karɓa har sai ya nuna inda ya kai shi.

A fahimtar Musulunci dukiya ta Allah ce, mutum riƙon amana yake yi. Masu son faɗaɗa ikon gwamnati kan ɗauki wannan magana su ce to ai ke nan mutum ba shi da ta cewa idan an karɓa. Sun manta cewa wanda ya ba da amanar shi ne ya jera masu haƙƙi a cikinta, kuma bai sa sarki a sahun farko ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san ci da sha da sutura da muhallin mata wajibi ne a kan miji, haka ɗawainiyar 'ya'ya ƙanana, haka ta iyaye idan ba su da hali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni mutum ya fara da waɗanda yake ciyarwa kafin ya miƙa hannu waje, ya kuma hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yin wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa don kada magadansa su koma roƙo. Ita kanta zakka, wadda rukuni ce daga rukunan addini, ba ta hawa kan kowa. Sai dukiya ta kai nisabi, sai shekara ta zagayo a kan kuɗi da dabbobi, sannan a fitar da kashi 2.5 cikin 100 na kuɗi. Mai shanu 29 ba a bin sa komai, mai tumaki 39 haka. Manomin da ya sha wahalar ban ruwa rabin abin da mai noman damina ke fitarwa yake bayarwa, saboda shari'a ta lissafa wahalarsa. Idan haƙƙin da Allah ya ɗora da kansa yana tsayawa a bakin ƙofar mabuƙaci, yana kuma duba guminsa, to haƙƙin da mutane suka ɗora ba shi da hurumin kutsawa fiye da haka.

Wannan jeri yana da hikima da ake gani da ido a ƙasarmu. Dubi ƙaramin ma'aikaci ranar da albashi ya shiga. Kafin la'asar ya biya mai kanti bashin shinkafa da man girki, ya tura wa mahaifiyarsa kuɗin magani a ƙauye, ya ware na makarantar yara da na Islamiyya, ya ba da gudunmawar auren 'yar ƙanwarsa, ya ajiye wani abu don marayun wansa da ke zaune a gidansa tun bayan rasuwar ubansu. Babu takardar da ta rubuta wannan, babu ma'aikatar da ta ƙidaya shi, amma shi ne fanshon tsohuwar da ba ta taɓa aikin gwamnati ba, shi ne inshorar lafiyar da yawancin mutanenmu suka sani, shi ne gidan marayun da ba a kafa masa allo ba. Aikin da ƙasashen Turai ke karɓar haraji mai nauyi don su yi, a nan gida ne ke yin sa, da zumunci da adashi da gudunmawar maƙwabta. Saboda haka idan hukuma ta ɗebi naira dubu daga aljihun irin wannan mutum, daga bakin wata tsohuwa ko wani maraya ta ɗebe ta. Wajibi ne ta tabbatar cewa abin da za ta yi da kuɗin ya fi abin da shi zai yi da su amfani, kuma nauyin kawo hujja a kanta yake.

Sai dai masu cewa zakka ta wadatar, duk wani ƙari haramun ne, su ma ba su yi wa fiƙihu adalci ba. Alƙur'ani ya ƙayyade gidaje takwas da zakka ke shiga a Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai ba su ga halaccin a gina titi ko gada ko madatsar ruwa da ita ba. To da me za a gina su? Da me za a biya alƙali da soja da malamin asibiti? Sayyidina Umar, da aka ci ƙasar Iraƙi, ya ƙi raba gonakinta ga mayaƙa, ya bar su a hannun masu noma su ya ɗora musu haraji, domin a samu abin tsare iyakoki da ciyar da na baya. Imam Shaɗibi, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1388, ya yi bayani a littafinsa Al-I'itisam cewa idan baitulmali ya ƙare, buƙatar tsaro kuma ta taso, shugaba adali yana da damar ɗora wa mawadata abin da zai toshe buƙatar. Kafin shi Imam Gazali ya faɗi makamancin haka. Abin da malamai suka tsine wa shi ne maksu, wato kuɗin da ake tare mutane a karɓa ba bisa haƙƙi ba, a kuma kashe ba bisa haƙƙi ba. Wanda ya haɗa wannan da kowane irin haraji ya sauƙaƙa wa kansa magana ne kawai, kuma ya bai wa attajirin da ke gudun sauke nauyin al'umma mafakar da addini bai ba shi ba.

Amma a lura da sharuɗɗan da suka zo tare da izinin, domin su ne zuciyar maganar. A 1260, bayan rundunar Tatar ta rusa Bagadaza ta doso Masar, Sarki Ƙuɗuz ya nemi ɗora wa jama'a kuɗin yaƙi. Babu lalurar da ta fi wannan girma, abokan gaba na bakin ƙofa. Duk da haka Shehu Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce ba za a taɓa dukiyar talakawa ba sai baitulmali ya zama wayam, sai sarakunan yaƙi sun sayar da kayan ƙawarsu na zinariya da azurfa, kowannensu ya rage daga shi sai dokinsa da makaminsa, sun daidaita da sauran jama'a. Aka bi wannan tsari, aka fita aka yi nasara a Ainu Jalut. Kusan ƙarni biyar kafin nan Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid Kitabul Haraj, inda ya shawarce shi da a karɓi kaso daga abin da gona ta bayar a maimakon ƙayyadadden adadin da ba ruwansa da ko damina ta yi kyau, ya kuma gargaɗe shi da kada ya ba da kwangilar karɓar haraji ga wanda zai biya hukuma dunƙule sannan ya je ya matse manoma don ya ci riba. Wanda ya san yadda ake ba wa 'yan kwangila da yaran 'yan siyasa tashoshin mota da ƙofofin kasuwa a yau zai ga cewa gargaɗin bai tsufa ba. Sharuɗɗan a fili suke: buƙata ta gaskiya, masu mulki su fara da kansu, a ɗora wa mai hali gwargwadon halinsa, a kashe a inda aka ce.

Mu a ƙasar Hausa ba baƙin wannan muhawara ba ne. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi akwai jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, da abin da ake ɗiba a hannun masu saye da sayarwa a kasuwa, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Zaluncin haraji yana cikin abin da ya sa makiyaya da talakawa suka amsa kiran jihadin 1804. Amma sarauta tana da nata nauyin da ke jan ta ƙasa, domin da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya zo Kano a 1851 ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa a kan kowane maigida, ana karɓar kuɗin karofi a hannun marina. Turawa da suka zo ba su rage komai ba, sai dai suka dunƙule harajin a dokar 1906, suka kafa baitulmalin En'e, suka ce a biya da tsabar kuɗi. Wannan sharaɗi na tsabar kuɗi shi ya fi komai girgiza gidaje. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manomi ya rage wa gero da dawa fili ya shuka gyaɗa don ya samu na biyan dagaci, samari suka riƙa fita cin rani neman kuɗin haraji. A tsarin gandu uba ne ke biya wa 'ya'yansa maza da ke noma a ƙarƙashinsa, kuma ranar da ya kasa, ranar ce ɗa ke fara tunanin ware tukunyarsa. Tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda ake shanya wanda ya kasa biya a rana a ƙofar gidan dagaci, da yadda Bafulatani ke kora garkensa daji idan ya ji masu ƙidayar jangali sun doso. Wannan ciwo ne NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta taɓawa tun daga 1950, shi ne kuma ya sa da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali suna hawa mulki.

A nan ne hujja mafi ƙarfi ta masu ra'ayin a ƙara haraji take, kuma ta cancanci a saurare ta da kyau. Suna cewa sokewar 1979, duk da daɗin da ta yi wa talaka, ta yanke igiyar da ke tsakaninsa da mai mulki. Tun da kuɗin man fetur suka zama abin dogaro, gwamna da shugaban ƙaramar hukuma Abuja suke kallo a ƙarshen wata, ba su da buƙatar manomi ya samu amfani ko ɗan kasuwa ya ci riba. Shi kuma talaka, da yake yana ganin ba kuɗinsa ake ci ba, sai ya ɗauki rijiyar burtsatse a matsayin kyautar mai girma gwamna, har ya yi masa addu'a. Suna ƙarawa da cewa harajin da Nijeriya ke tarawa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na abin da tattalin arzikinta ke samarwa ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, kuma ba a gina makaranta da asibiti ga mutum sama da miliyan 200 da irin wannan. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, ina kuma tare da shi. Mulkin da ba ya cin gumin jama'arsa kai tsaye yakan daina jin kunyarsu.

Inda maganar ta karkace shi ne zaton cewa talaka ba ya biya. Yana biya, sai dai abin da yake biya ba ya isa asusun da masu lissafi ke dubawa. A bi motar shanu ɗaya daga kasuwar Maigatari ko Illela zuwa Legas. Tun kafin ta tashi an yanki rasit a kara, an yanki na ƙaramar hukuma, an yanki na ƙungiya. A hanya kuma kowane 'yan kilomita akwai gungume ko katako mai ƙusoshi a kwance a titi, da mutum riƙe da sanda da damin takardu, wani na jiha, wani na ƙaramar hukuma, wani ba wanda ya san na wane ne. Direba ba ya gardama, domin shanu na tsaye a rana, kowace sa'a ta jinkiri asara ce, sai ya miƙa ta taga ya wuce. Duk wannan a kan makiyayi da mai sayen nama yake ƙarewa. Shi kansa kwamitin gyaran haraji na shugaban ƙasa, ƙarƙashin Taiwo Oyedele, ya ce harajin da hukumomi ke karɓa a hukumance ya haura iri 60, ban da na bayan fage. Ga harajin kayan masarufi na VAT da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, wanda ba ya tambayar mai saye ko yana da hali. Bayan wannan magidanci shi ke haƙa rijiyarsa, ya sayi fitilar sola ko janareta, ya biya 'yan sintirin unguwa, ya sayi allura da safar hannu idan ya kai matarsa haihuwa asibitin gwamnati. Mafi ɗaci, a sassan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, ƙauyuka na tara kuɗi su kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka, su sake tarawa kafin girbi. Tsaron rai da dukiya shi ne dalili na farko da malamai suka halatta haraji dominsa. Hukumar da ta kasa ba manomi wannan, da wane ido za ta dube shi ta ce bai cika ɗan ƙasa nagari ba?

Akwai kuma lissafin da Ibn Haldun ya yi a Muƙaddima tun 1377, wanda har shugaban Amurka Ronald Reagan ya kafa hujja da shi a 1981. Ya lura cewa daula a farkonta takan ɗora haraji kaɗan ta tara da yawa, a ƙarshenta kuma ta ɗora da yawa ta tara kaɗan, domin idan masu mulki suka saba da jin daɗi sai su yi ta ƙirƙiro sababbin kuɗaɗe, mai noma da mai fatauci kuma su ga wahalarsu ba ta komawa gidansu, sai hannunsu ya yi sanyi. Abin da ya fi damuna a nan shi ne tarbiyya. Saurayin da ya buɗe shagon walda ya ga masu rasit sun fi masu kawo aiki yawa, sannan ya ga abokinsa da ke bin ɗan siyasa ya sayi mota, an koya masa darasi game da sana'a da ba a gogewa cikin sauƙi. Al'ummar da ta gaji kunyar zaman banza da girmama mai neman na kansa tana iya rasa wannan gado cikin tsara ɗaya, kuma babu kasafin kuɗin da zai sayo shi.

Sabuwar dokar ta yi abin yabo, bai kamata a ƙi faɗa ba. Ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara, ta tabbatar da cewa babu VAT a kan kayan abinci na yau da kullum, ta yi rangwame saboda kuɗin hayar gida. Wannan ya kusanci hikimar nisabi. Amma mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, kuma kowa ya san abin da wannan ke iya saya tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Sannan dokar tana kallon mutum shi kaɗai, kamar daga sama ya faɗo. Gwauron da ke ciyar da cikinsa kawai da magidancin da mutum goma ke ci a tukunyarsa, idan albashinsu ɗaya ne, kusan abu ɗaya za su biya. Tsohuwar doka ma da ta tuna da 'ya'ya, naira 2,500 ta ware wa kowane yaro a shekara, kuma ba ta wuce yara huɗu ba. Dokar da aka yi wa al'ummar da gida ne ginshiƙinta ya kamata ta ƙidaya bakunan da ke bayan albashi. Sharaɗin Shehu Izzuddin kuwa har yanzu yana jiran mai cika shi, domin a shekarar da aka ce talaka ya ɗaure ciki, a cikinta 'yan majalisar tarayya suka karɓi sababbin manyan motoci.

Wani zai ce wannan duk kare maigida ne, alhali ba kowane maigida ne ya cancanci kariya ba. Ina yaran da ke yawo da roba a titunan Kano da Kaduna da Maiduguri, iyayensu na raye? Ina matan da aka saka da goyo aka bar su ba ko kwabo? Wannan tuhuma ce ta gaskiya, kuma mai ra'ayin riƙe al'ada da ya kau da kai daga gare ta ya ci amanar ra'ayinsa. Haƙƙin da na ce iyali na da shi gaba da hukuma na iyalin ne, maigida wakili ne kawai wajen isar da shi. Wanda ya tara mata da 'ya'yan da ya san ba zai iya riƙewa ba, ko yake da hali ya ƙi, ba shi da bakin cewa a bar masa guminsa saboda iyali, kuma alƙali na da ikon tilasta masa ciyarwa. Marayan da ba shi da kowa da gajiyayyen da danginsa suka ƙare, su ne ainihin waɗanda zakka da baitulmali suka wajaba a kansu. Gazawar wasu gidaje dalili ne na a gyara su, a kuma tallafi waɗanda suka faɗo daga cikinsu. Ba ta zama hujjar a raunana miliyoyin gidajen da ke tsaye da ƙyar suna sauke nauyinsu ba.

Ba kira nake yi kowa ya zama alƙalin kansa ya ƙi biya ba. Idan aka buɗe wannan ƙofa mai ƙarfi ne zai fara ficewa, nauyin ya koma kan mai rauni, kuma rikici da hukuma bai taɓa ƙarewa da ribar talaka ba. Attajirin da ke ɓoye cinikinsa, yana bin titin da aka gina da kuɗin jama'a da manyan motocinsa, ya ci haƙƙin da ba nasa ba ko da ya fitar da zakkarsa cif. Wanda doka ta hau kansa ya biya, ya karɓi rasit na gaskiya, ya adana shi kamar yadda ake adana takardar bashi. Sannan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na manoma su riƙa zuwa gaban shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha da lissafin abin da aka karɓa a kasuwarsu cikin shekara, su nemi a nuna musu abin da aka yi da shi. Malamanmu kuma, da suke karanta wa talaka babin biyayya ga shugabanni a kowane mumbari, su karanta wa shugabannin babin sharuɗɗan karɓar dukiyar mutane da irin wannan murya, a gabansu, ranar Juma'ar da suka zo sahun farko.